Bashin da Babu Alkawari

Jama'a masu saurare, ƴan makarantar yaƙi da jahilci na Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, yau zancenmu a kan bashi ne, amma bashin da ba a ƙulla da baki ba, ba a kuma rubuta ba. Doka ta ce kada mutum ya ƙaru da asarar wani ba tare da dalili ba.

Littafin dokar da ake kira Code civil, wanda Nijar ta gada daga Faransa, ya yi maganar wannan daga aya ta 1371 zuwa ta 1381. Ga hanyoyi uku.

Ta farko, biya bisa kuskure. Ka sayar da buhun aya a kasuwar Cadawa jikka 20, mai saye ya ɓata lissafi ya ba ka jikka 25. Jikka 5 ɗin nan ba tsintuwa ba ce. Aya ta 1376 ta ce sai ka mayar, ko ka sani ko ba ka sani ba. Haka kuma kuɗin da aka turo a wayarka bisa kuskure.

Ta biyu, kula da kayan wanda ba ya nan. Maƙwabcinka ya tafi ci-rani Katsina, iska ta kware rufin rumbunsa, ga damana ta kama. Ka sayi ciyawa da igiya, ka gyara. Bai aike ka ba, amma hatsinsa ya tsira. Aya ta 1375 ta ce ya biya ka abin da ka kashe, muddin aikin yana da amfani. Kai kuma in ka soma, kada ka yar da aikin a tsakiya.

Ta uku ta fito daga wata shari'a. A Faransa, wani ɗan kasuwa mai suna Boudier ya ba wani manomi takin zamani bashi. Gonar ta haya ce. Manomin ya kasa biyan kowa, ya bar wa mai gona shukar a tsaye. Boudier ya kai mai gonar ƙara, ko da yake babu ciniki tsakaninsu. Ran 15 ga watan Yuni 1892, babbar kotun ƙasar ta ba shi gaskiya, don takinsa ne ya gyara amfanin da mai gona ya girbe. Mu ma muna cewa, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Amma ku lura. Kyauta ba bashi ba ce. Wanda ya zo maka gayya don zumunci ba zai dawo neman lada ba, don ya san dalilin zuwansa.

In gardama ta tashi, ku fara da mai gari ko sarkin kanto, su sasanta ku. In abin ya faskara, sai gidan shari'a. Can alƙali zai tambaye ka shaida: nawa ka kashe, yaushe, gaban wa? Nan ne karatunku zai yi muku rana.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya ɗauki littafinsa ya rubuta ranar, da abin da ya saya, da kuɗinsa, da sunan shaidu biyu. Ku kai wa malaminku ya duba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.