Kasuwar hayaƙi: wa zai riƙe tiya, wa ke da icce?

Ga jawabin da wani ɗan jarida haifaffen Adar ya gabatar gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati a birnin Tawa.

Ina neman gafara tun da fari, domin yaro ne zai yi zancen ciniki gaban manya, alhali cikinku akwai waɗanda suka kai albasa Abijan tun ban san damana da haguna ba.

Hajar da zan yi magana a kanta ba ta shiga buhu, ba a aza ta bisa kamyo, ɗan duwan bai taɓa ganin ta da ido ba. Hayaƙi ne, wato iskar karbon da ke fita idan an ƙona kwal ko gazuwal ko icce, wadda ke taruwa a sama tana riƙe zafin rana. Duk da haka ana cinikinta, kuma abin da gwamnatocin Turai ke samu cikinta kowace shekara ya ninka kasafin kuɗin ƙasarmu sau da dama.

Ga yadda abin yake. Hukuma ta yanke cewa bana dukan manyan masana'antun yanki ba za su fitar da hayaƙin da ya wuce tan kaza ba, baɗi kuma adadin ya ragu. Sai ta buga takardun izini daidai wannan adadi, kowace takarda tan guda. Ƙarshen shekara kowane kamfani ya kawo takardu gwargwadon hayaƙinsa, in ba haka ba ya sha tara. Mu ɗauki misali: kamfani na farko, rage tan guda zai ci masa jika biyar, na biyu mai tsohon inji, jika ashirin, takarda kuwa jika goma a kasuwa. Na farko zai rage fiye da abin da aka nema gare shi, ya sayar da rarar takardunsa, ya ci riba. Na biyu zai saya, don ya fi masa sauƙi. Jimillar hayaƙi ba ta wuce iyaka ba, kuma an rage shi inda ya fi araha. Amurka ta gwada wannan dabara da dokar 1990 kan hayaƙin farar wuta na tashoshin lantarki. Tarayyar Turai ta buɗe tata kasuwar a 2005, jihohi goma na arewa maso gabashin Amurka suka buɗe tasu a 2009, Kaliforniya da Kebek suka haɗe nasu a 2014, Sin ta bi a 2021.

Na san abin da ke ran wasunku, don ni ma shi ya fara zo mini: mu ina ruwanmu? Ɗan Nijar, in aka raba, hayaƙin mai da kwal da yake fitarwa a shekara wajen kashi ɗaya cikin goma na tan ne. Ba'amurke na fitar da fiye da tan 13. Su suka ɓata iska, mu muke shan fari da ambaliya. Wannan gaskiya ce, ba kuma zan nemi ku haɗiye fushinku ba. Sai dai maganar ta riga ta iso ƙofar gidanmu. A nan jahar Tawa, cikin karkarar Takanamat, kwal na Salkadamna yana kwance. A 2014 shugaba Mahamadu Isufu ya aza tubalin tashar lantarki mai megawat 600, ko da yake shekara goma bayan haka ba a ga hayaƙinta ba. Tun da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta na 2023 muka san ɗacin dogara ga maƙwabci, ni kuma ba ni cikin masu cewa a bar kwal ɗinmu cikin ƙasa mu zauna a duhu. Amma na yi lissafi: irin wannan tasha, in tana aiki sosai, za ta fitar da tan miliyan 3 zuwa 4 a shekara, abin da ya kai ko ya fi dukan hayaƙin motoci da injunan ƙasar nan a yau. Duk wanda zai ba da rancen gina ta sai ya yi tambaya kan wannan. Ga kuma sashe na 6 na yarjejeniyar Paris ta 2015, wanda aka kammala ƙa'idojinsa a Baku a 2024, ya buɗe wa ƙasashe da kamfanoni hanyar sayen ragin hayaƙi a wata ƙasa. Ke nan dillalai na tafe. Ko mu tsara kasuwar da idonmu biyu, ko a tsara mana ita muna barci.

Kada kuma a ce mana abin na Nasara ne, ba za mu gane ba. Mun taɓa yin irinsa. Ranar 21 ga watan Agusta na 1992, zamanin gwamnatin riƙon ƙwarya da ta biyo bayan taron ƙasa, aka sa hannu kan doka mai lamba 92-037 wadda ta kafa kasuwannin icce na karkara. Kafin nan mai kamyo daga birni shi ke shiga daji ya sara yadda ya ga dama, mutanen gari na kallo. Dokar ta ce a auna dajin kowane gari, a yanke masa adadin iccen da zai sara a shekara, mutanen garin su kaɗai ke sara su sayar, mai kamyo ya biya haraji a nan take a ba shi kupon da zai nuna a bariyar shiga birni. Harajin iccen dajin da ba shi da tsari ya fi tsada nesa ba kusa ba, don a kora ƴan kasuwa zuwa inda ake kiyayewa. A dajin da ke da cikakken tsari kuwa, kashi 50 cikin ɗari na harajin na garin ne, 40 na ƙaramar hukuma, 10 na baitulmali. Iyaka, takarda, rabo rubutacce: ashe ba kasuwar hayaƙi ba ce sak?

Ma'aikatan gandun daji da ke cikin wannan zaure sun fi ni sanin inda gizo ya yi saƙa. Garuruwa da yawa sun gina rijiyoyi da azuzuwa da kuɗin icce, wannan ba a musunsa. Amma da kuɗin masu ba da agaji suka ƙare, aka daina sake auna daji, adadin shekara ya zama lamba bisa takarda, icce ya riƙa shiga birni ta bayan bariya. Tsarin bai da laifi. Mai awo ne ya yi rauni.

Ku kuwa ƴan kasuwa ba sai an gaya muku darajar awo ba. Manomin Galmi ya san abin da hular buhun albasa ke ci masa: sunan buhu guda ne, amma abin da aka ɗora bisa bakinsa kyauta ya tafi. Turawa da duk iliminsu sun faɗa wannan rami. Sun raba takardu a 2005 bisa abin da kamfanoni suka faɗa da bakinsu. Da ainihin alƙaluma suka fito a watan Afrilu na 2006, sai aka ga takardu sun fi hayaƙi yawa. Farashin da ya kusa Yuro 30 ya karye cikin ƴan kwanaki, a 2007 takarda ta koma ba ta sayen ko goro. Jihohin Amurka su ma sai da suka zabge kashi 45 cikin ɗari na iyakarsu a 2014. Don haka duk wanda ya zo mana da zancen buɗe kasuwa kafin a yi shekara biyu ko uku ana auna hayaƙin kowace masana'anta, ana buga sakamakon a jarida kowa ya gani, to yana son ya sayar mana da buhu a ɗaure ne.

Wa za a sa ƙarƙashin iyakar? Nan ne na fi jin tsoro. Bisa lissafin da ƙasarmu ta miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya, fiye da kashi 80 cikin ɗari na iskar da muke fitarwa daga kiwo da noma da saran daji take. Wani gwani a ofis zai ce to a fara da nan. Ina roƙonku ku ƙi. Saniyar makiyayin Abalak ko Cintabaradan ba ta da bututun da za a ɗaura wa ma'auni, kuma kakanninmu sun ba mu labarin yadda garke ke ɓacewa cikin daji ranar ƙidayar jangali. Murhun uwargida ma haka. Maganinsa gaz mai araha. A tsaya kan bututun da yaro zai iya ƙirgawa da yatsu: simintin Malbaza, wanda kowane tan nasa ke tafiya da fiye da rabin tan na iskar karbon saboda gasa farar ƙasa, tashar kwal ta Sonichar a Anu Araren, matatar mai ta Soraz a Damagaram, injunan gazuwal na Goru Banda, da Salkadamna in Allah ya nufa ta tashi.

Takardun kuma a yi gwanjonsu a bainar jama'a, kada a raba su kyauta. A Turai an ba kamfanonin lantarki takardu kyauta, suka juya suka saka kuɗinsu cikin takardar wutar talaka, suka ci riba biyu. Mu da muka san yadda lasisin shigo da kaya ke bin dangi da jam'iyya, me kuke zato zai faru ranar da wani darakta ya samu ikon raba takardar da ke zama kuɗi? Jihohin Amurkan nan gwanjo suke yi kowane wata uku, da farashin da ba a sauka ƙasa da shi, kuɗin kuma a mayar wajen rage wa jama'a tsadar wuta. Mu ma a rubuta rabon cikin doka tun ranar farko, kamar yadda aka yi a 1992, a kuma ware kason garin da ke shaƙar ƙurar.

Saura batun yanki, wanda na yarda ya fi ƙarfin wannan zaure. Nijar ita kaɗai ba ta da masana'antun da za su cika kasuwa. Mutum biyar ba su yin kasuwa, sai dai su haɗa baki. In kuma simintin Malbaza ya yi tsada, na Sakkwato na nan bayan Ƙonni yana jira, hayaƙin ya ƙaura ƙetaren iyaka tare da aikin ƴaƴanmu. Mun fita daga CEDEAO a watan Janairu na 2025. Ƙawancen AES ƙasashe uku ne masu ƙarancin masana'antu. UEMOA ƙasashe takwas ne da kuɗi guda, nan ne abin ya fi kama hankali, amma Najeriya ba ta ciki. Kowace aka zaɓa, a rubuta yadda mai fita zai fita. Lardin Ontariyo na Kanada ya shiga kasuwar Kaliforniya da Kebek a watan Janairu na 2018, zaɓe ya sauya gwamnati, kafin shekara ta ƙare ya fice, kamfanoni suka wayi gari da takardun da ba su da mai saye.

Yanzu bari in zo gida, ga abin da Adar ke da shi na sayarwa. A shekarar farin 1984 aka buɗe aikin Keita da kuɗin Italiya da hannun FAO. Mahaifiyata na cikin matan da suka ɗauki duwatsu bisa kai ana biyan su da abinci, maza sun tafi cirani. Cikin shekara ashirin aka raya fiye da hekta 30,000 na fako, aka shuka itatuwa wajen miliyan 18. A kwarin Majiya kuwa tun 1975 ake jera dogon yaro don tare iska. Kowane icce cikin waɗannan yana shan iskar karbon yana adana ta cikin jikinsa, kuma a irin wannan kasuwa ana iya yarda kamfani ya biya wani ɓangare na bashin hayaƙinsa da takardar icce. To, na wa ne wannan kuɗi? Na matar da ta ɗauki dutse, ko na magajin gari, ko na gwamnati, ko na dillalin da ya iya Ingilishi?

Kada ku yi zaton arziki ne zai zubo. Aikin dakwara da Bankin Duniya ya tallafa, wanda aka fara shuka shi a 2006 a garuruwa 26 bisa hekta fiye da 7,000, sai da ya haura shekara goma kafin kuɗin karbon su fito, kuma ba su kai rabin miliyan na dalar Amurka ba. Ku raba da kanku ku gani: bai kai dala 70 ga hekta ba, na dukan shekarun. Ƙaron dakwara da ciyawar dabbobi sun fi wannan amfani. Amma ko kuɗi kaɗan ya isa ya tada rigimar ƙasa. Mutanen Illela da Badagishiri shaida ne: da manoma suka koyo gyaran tassa daga Yatenga ta Burkina a 1989, fakon da da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa, mai hali ya saye na marar hali. Bara wani ɗan uwana ya kawo mini takarda da wasu baƙi suka bar masa a ƙauye, shafi goma sha biyu cikin Ingilishi, ya sa hannu ya ba su iskar itatuwan gonarsa shekara talatin. Ba a faɗi farashi ba, ba a faɗi abin da zai same shi in fari ya kashe itatuwan ko ya sari reshe don rufin ɗaki ba. Na ce ya ajiye alƙalami.

Muna da abin kāriya in mun yi aiki da shi. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda muke kira Kofo. Dokar watan Yuli na 2020 ta amince cewa iccen da manomi ya raina cikin gonarsa nasa ne. Dokar kiwo ta 2010 ta tsare burtali da makiyaya, abin da ke da nauyi a nan arewacin Adar inda iyakar noma ta 1961 ta ratsa, don kada a killace hurumin dabbobi da sunan shukar karbon. Abin da ya rage shi ne layi guda cikin doka mai cewa iskar da icce ya adana ta mai iccen ce, kuma ba kwangilar da za ta yi ƙarfi sai an fassara ta da Hausa da Tamajak da Fulatanci, an karanta ta gaban Kofo, an rubuta kason dillali da lamba. Ku ma'aikata, ku ne za ku rubuta wannan layi ko ku manta da shi. Ku kuma Alhazai, na san cikinku akwai waɗanda za a zo nema su zama wakilan waɗannan kamfanoni a Keita da Buza da Tamaske. In an zo, ku tambayi tan nawa, wa ya auna, nawa aka sayar a can, nawa ya iso hannun mai gona.

Na ga shugaban zama yana duban agogo. Ina sauraren tambayoyi, musamman daga ma'aikatan gandun daji, waɗanda na taɓa ba tare da na nemi izininsu ba.