Likitan da ya mayar da ƙauye asibiti

Yau zancen na taɓin hankali ne, kuma zai kai mu Abeokuta.

A shekarar 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya dawo gida daga Ingila, inda ya karanta aikin likita a Birmingham, ya kuma ƙware kan cututtukan ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley na Landan. Aka damƙa masa asibitin Aro da ke Abeokuta. A wancan zamani, wanda hankalinsa ya gushe kulle ne makomarsa, ko a gidan yari, ko a ƙuryar gida cikin mari.

Lambo ya taka da ƙafarsa zuwa ƙauyukan da ke kewaye da Aro, ya roƙi shugabanninsu su ba marasa lafiya masauki a gidajen jama'a, ana biyan haya. Sharaɗinsa shi ne kowane majinyaci ya zo da wani nasa, yawanci uwa ko inna ko 'yar'uwa. Ita za ta dafa masa abincin da bakinsa ya saba da shi, ta wanke masa tufafi, da safe ta raka shi wurin likita. In an gama magani su koma masauki, ya leƙa kasuwa, ya zauna cikin mutane ana gaisawa da shi. Har masu maganin gargajiya Lambo ya jawo a jiki suka yi aiki tare, domin ya san wurinsu iyalai ke fara zuwa.

Hikimar abin tana nan: mai jinya ta gida ita ce ke fara lura cewa majinyacin ya kwana uku bai runtsa ba, ko ya daina taɓa tuwo, ko ya soma magana shi kaɗai. Irin wannan labari likita ke buƙata kafin ya ƙara ƙwaya ko ya rage. Sannan wanda bai rabu da jama'a ba, ranar sallama ba baƙo ba ne a gidansu. Tsarin Aro ya yi suna a duniya, Lambo kuwa ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988.

Abin takaici, mari bai bar mu ba. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Da yawa iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna neman mafita. Sarƙa kuwa ba ta warkar da kowa, miki take bari a ƙafa da tsoro a zuciya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kusan mutum ɗaya cikin takwas na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin majinyaci.

Akwai asibitocin wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano. Mai sauraro, in akwai wanda aka ɗaure a gidanku, don Allah a kwance shi, a yi masa addu'a, a kai shi wurin likita, kuma wani nasa ya zauna tare da shi.