Gaskit ba ya ƙonewa haka siddan: kafin ka kwance kan injin motarka a gida

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda 'yan uwa da datarsu ba ta isa sauraro ba.

Yau maganar mota za mu yi, tsohuwar mota, irin wadda yawancinmu muke neman abinci da ita. Kaka ta yi. Duk wanda ya tsaya a Kwanar Ɗangora a irin wannan lokaci zai ga Golf da Sharon sun fito daga Tudun Wada da Doguwa, an danƙara musu masara da shinkafa har bayansu na neman jan ƙasa. A wannan lokacin ne kuma ake yawan jin direba yana cewa gaskit ɗinsa ya ƙone. Da yake kuɗin gareji ya yi tsada, matasa da yawa sun fara tunanin su yi aikin da kansu a ƙofar gida. Ni ban hana ba, aiki ne mai yiwuwa. Amma abu ɗaya nake so ku riƙe: gaskit ba ya ƙonewa haka siddan. Akwai abin da ya ƙona shi, in ba ka gano abin ba, sabon ma haka zai bi.

To mene ne ma gaskit ɗin? Inji gida biyu ne. Akwai bulok a ƙasa, inda fistin ke hawa da sauka, akwai kuma kan inji, wanda kanikawa ke kira tof silinda, inda bawul da fulogi suke. Gaskit shi ne siririn faifan da ke tsakaninsu. Aikinsa ya raba abu uku da ba sa ga maciji: wuta, ruwa da baƙin mai. A injin Golf 3 bulok ɗin baƙin ƙarfe ne, kan kuma alminiyam. In zafi ya yi yawa, alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, sai kan ya ɗan karkace, gaskit ya saki.

Ya za ka gane? Farin hayaƙi mai kauri daga salansa, wanda ba ya ɗaukewa ko inji ya ɗumama. Ba irin tururin safiyar hunturu nake nufi ba, wannan kowace mota tana yi. Ruwan lagireto yana ƙarewa alhali ba ka ga ɗigo a ƙasa ba. Ka zaro sandar awon mai ka ga baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara. Ko ka ta da mota da sanyinta ka ga kumfa tana tasowa a cikin ruwa. Don Allah kada ka buɗe murfin ruwa inji na da zafi. Ruwan a matse yake, zafinsa yana iya wuce digiri 100, zai watso maka a fuska.

Yanzu mu koma ga asalin cutar. A yankinmu dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Lodi fiye da ƙima, ga hawa in ka nufi Doguwa da Riruwai. Ƙaiƙayi da ƙura suna toshe fuskar lagireto a lokacin casa. Ruwan rijiya da na rafi da muke ɗurawa yana tara tsatsa da ƙanzo a ciki. Wata motar fankarta ta daɗe da mutuwa, wata murfin ruwan ne ya daina riƙe iska, wata kuma watafam ne ya cinye. Sai kuma al'adar nan ta cire tamostat a jefar, wai ai ƙasarmu zafi gare ta. A injina da yawa tamostat ne ke tilasta wa ruwa bi ta lagireto in inji ya yi zafi. In ka cire shi, wani ruwan sai ya riƙa zagaye a cikin inji bai je ya huce ba. Duba waɗannan tukuna kafin ka ɗauki sifana.

In ka zo kwancewa, bari inji ya kwana ya huce sarai. Cire kan batir, zubar da ruwa, ka juya inji ka saita alamar taimin a gurbinta. Wayarka tana da amfani a nan: ɗauki hoton kowace waya da kowane tiyo kafin ka cire. Kusoshin kan inji guda 10 ne a Golf mai silinda huɗu. Ana sassauta su ne daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan, ba ka zare ɗaya gaba ɗaya ka koma na gaba ba. In kan ya maƙale, kada ka cusa sukundireba a tsakani, za ka ji wa alminiyam ciwon da gaskit ba zai rufe ba.

Masu Fijo 504, wadda kamfanin Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya cika mana hanyoyi da ita, ku naku da ƙari. Silif ɗin injinku zaune yake a cikin ruwa, ana iya zare shi. Da zarar ka ɗaga kai, ka danne silif ɗin da kusa da babban wosha, kuma kada ka juya inji kafin ka danne. In ya motsa, ruwa zai riƙa sauka cikin mai ta ƙasa, aiki ya koma sabo.

Ga inda yawancin aikin gida ke lalacewa. Abu biyu ne ido da hannu ba sa iya aunawa.

Na farko, miƙewar fuskar kan inji. Bayan ka kankare ragowar tsohon gaskit a hankali, ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a kai, a tsaye da kuma a gicciye, ka gwada zura fila geji a ƙarƙashi. A Golf, in ratar ta wuce milimita 0.1, wato kusan kaurin takarda ɗaya, kan ya karkace. Idonka ba zai taɓa ganin wannan ba. Ɗauke shi ka kai Kano wajen masu injin daidaita fuska, su duba maka ko ya tsage. Kuɗin mota daga Kiru ko Bebeji zuwa birni bai kai kuɗin maimaita aiki ba. In ka shiga, sai ka biya Ƙofar Ruwa ka sayi gaskit mai kyau da sababbin kusoshi. Araha ba ta ado, musamman a nan.

Na biyu, ɗauri. Kusoshin Golf irin masu miƙewa ne, sau ɗaya ake amfani da su. Kuma ba da ƙarfin damtse ake ɗaure su ba, da sifana mai awon ɗauri ake yi. In ba ka da ita, ara ko ka yi haya. Ana farawa daga tsakiya a fita gefe. A Golf 3 mai inji 1.8, zagaye na farko 40 ne a ma'aunin Nm, na biyu 60, sannan ka ƙara rubu'in juyi, ka sake zagayowa ka ƙara wani rubu'in. Kowace mota da nata adadin, saboda haka nemi littafin taka a intanet. Kafin nan, tsane ramukan kusoshin tas. In ruwa ko mai ya kwanta a ciki ka ɗaure a kai, bulok na iya tsagewa. Gaskit kuma a bushe ake sa shi, ba gam, ba giris. Kuma tunda a tsakar gida kake aiki ga iskar hunturu, rufe injin da tsumma mai tsabta duk lokacin da ka tashi.

Ka gama haɗawa? Kar ka yi saurin murɗa makulli. Juya injin da hannu sau biyu, ka ga alamar taimin ta dawo daidai kuma babu inda ya cije. Canza baƙin mai da filta, domin na da ya sha ruwa. Zuba ruwan lagireto na kanti, ko aƙalla ruwa mai tsabta. Ta da mota ka bar ta a tsaye har iska ta fita, fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya. Kwana biyu-uku ka yi ta ƙananan zirga-zirga ba lodi, kana leƙa ruwa da mai kowace safiya. Kada tafiyarka ta farko ta zama ta ratsa dajin Falgore. Duk wanda ya san hanyar Jos ya san ba wurin da mutum zai so mota ta mace masa da magariba ba ne, balle da kayan mutane a baya.

Kuma daga yau, in allurar zafi ta doshi ja, sauka gefen titi ka kashe mota. Fasinja za su yi mita, amma gara mitarsu da sayen inji.

Wanda ya taɓa yin aikin a wata motar, ya rubuto mana yadda nasa awon yake, 'yan uwa su ƙaru. Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a nema. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.