Daga Dutsen Kwalli Zuwa Ƙwaƙwalwar Waya: Ina Kano Za Ta Kama?

Laccar da aka gabatar a unguwar Sheshe, cikin birnin Kano

   

Tarihin Kano ya ambaci Sheshe a cikin malaman Wangarawa da suka zo daga Mali, su da Mandawari da shugabansu Abdurrahman Zaite, a zamanin Sarki Yaji wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Unguwar da ta saba saukar baƙon ilimi ba za ta yi mamakin batunmu na yau ba, wato fasahar nano da masana'antar semikondakta.

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Kurmi ya ga dutsen kwalli a faifan 'yan koli. Baƙi-baƙi ne mai ƙyalli, nauyinsa ya fi girmansa, in ka fasa shi sai ya tsage da kusurwoyi a miƙe. Mafi yawan wanda ake sayarwa a ƙasar nan haɗin dalma ne da farar wuta, masana ma'adinai suna kiransa galena. A 1874 wani Bajamushe, Ferdinand Braun, ya lura cewa irin wannan dutse yana barin lantarki ya wuce ta fuska ɗaya cikin sauƙi, amma in aka juya sai ya yi gardama. Jagadish Chandra Bose na Kalkata a Indiya ya yi amfani da shi wajen kama igiyar rediyo, har ya sami rajistar mallakar wannan dabara a Amurka a 1904. Ƙananan akwatunan rediyon da suka yi tashe a shekarun 1920 ɗan guntun dutsen nan ne a cikinsu da siririyar waya tana taɓa shi, ba batir. Abin da kakanninmu mata suke daka wa ido yana cikin semikondakta na farko da ɗan Adam ya sa aiki. Iyayena mata, tunda maganar ta kawo mu: dalma guba ce, a daina sa wa jarirai kwalli. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu sanadiyyar ƙurar haƙar zinare.

To mene ne semikondakta? Jan ƙarfe yana wuce da wuta kullum, roba tana hana ta kullum. Semikondakta yana tsakani, kuma ana iya ba shi umarni, a ce wuce, a ce tsaya. Makunnin da ake yi da shi shi ne taransista, wanda aka ƙirƙira a ɗakin bincike na Bell a Amurka a 1947. Nau'in da ke cikin kowace waya a aljihunku kuwa, wani Bamisire haifaffen Fot Sa'id, Mohamed Atalla, shi da abokin aikinsa ɗan Koriya Dawon Kahng ne suka ƙera shi a 1959. Ɗalibai, ku riƙe sunan nan, don ba kasafai ake faɗa muku shi ba. A 1971 ƙwaƙwalwar kwamfuta ta farko da Intel ya sayar tana da taransista 2,300. Wadda Apple ya sa a wayarsa ta 2023 tana da biliyan 19, kuma faɗinta bai wuce na farce ba.

Nan ne nano ta shigo. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashi guda ya kai wajen nanomita 80,000. In abu ya ƙanƙance zuwa wannan ma'auni, halinsa ma yakan canza. Zinare yakan koma ja. Wasu ƙwayoyin semikondakta launin haskensu yana bin girmansu, kuma binciken wannan ne ya ba Moungi Bawendi, wanda mahaifinsa ɗan Tunisiya ne, da Louis Brus da Alexei Ekimov kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023. Sai dai in kun ji kamfani yana tallar cip, wato irin wannan ƙwaƙwalwa, na nanomita 3, sunan zango ne na ƙira, babu wani sashe na taransistan da aka auna aka sami uku daidai.

Yanzu ga inda nake son mu daɗe. Sau da yawa za ka ji babban mutum a taro yana cewa ai da yashi ake yin cip, mu kuwa Allah ya hore mana yashi, saura kawai a kafa masana'anta. Gaskiya ne silikon daga farin dutse da yashi yake fitowa. Amma kuɗin ba a cikin yashin yake ba, yana cikin tacewa. Sai an tace silikon har ya zama a cikin ƙwayar zarra biliyan guda da ƙyar a sami bare ɗaya. Sannan a narka shi a zafin da ya haura digiri 1,400, a tsoma ɗan iri a ciki, a riƙa jan sa sama a hankali yana juyawa, har a fito da sanda guda wadda zarrarta duk suka jeru layi ɗaya. Jan Czochralski ɗan Folan ne ya gano dabarar a 1916. Sandar ce ake yankawa faifai-faifai masu faɗin milimita 300.

Zanen da'irar wuta a kan faifan ya yi kama da aikin marina a Ƙofar Mata: a ɗaure inda ba a son baba ya shiga, a tsoma, a kwance, zane ya fito. A nan ana shafa wa faifan wani sinadari mai jin haske, a haska ta cikin wani allo mai ɗauke da zanen, a wanke inda hasken ya taɓa, a zaizaye, a shimfiɗa wani abu, a sake daga farko. Hawa kan hawa ake yi, matakai ɗaruruwa, faifai ɗaya yakan yi wajen wata uku a cikin masana'anta. Injin da ke yin zane mafi ƙanƙanta kamfani ɗaya ne tak yake ƙera shi a duniya, ASML na garin Veldhoven a Holan, kuma guda ɗaya ya haura dala miliyan 150. Haskensa, mai tsawon zango nanomita 13.5, ana samun sa ne ta hanyar harbin ɗigon narkakkiyar kuza da leza sau 50,000 a kowace daƙiƙa. Kuza dai, irin wadda maƙeran Riruwai a ƙasar Doguwa suke narkawa tun kafin Bature ya hau tsaunukan Jos. Mun sayar da kuza, mun sayar da kwalambait har muka zama kan gaba a duniya a shekarun 1950, amma a lokacin ba tatattu muke sayarwa ba. Ɗanye muke fitarwa, wani ya tace.

Sai ruwa da wuta. Kamfanin TSMC na Taiwan, wanda Morris Chang ya kafa a 1987, kuma shi ke ƙera mafi yawan cip masu zurfin fasaha a duniya, ya ba da rahoton cewa a 2019 yana shan ruwa fiye da lita miliyan 150 a kowace rana. Sabuwar matatar Tamburawa an gina ta ne don ta ba mutanen Kano lita miliyan 150 a rana. Da fari ya afka wa Taiwan a 2021, da tankoki aka riƙa yi wa masana'antun dakon ruwa. A watan Maris na 2018 wuta ta ɗauke ta kusan rabin awa a masana'antar Samsung da ke Pyeongtaek, aka yi asarar da aka ƙiyasta ta haura dala miliyan 40, don faifan da ke tsakiyar aiki in wuta ta yanke ya tashi daga aiki. Mu kuwa duk ƙasar nan muna rabon megawat dubu huɗu zuwa biyar ne. Wanda ya zaga Sharaɗa da Bompai da Challawa ya ga masaƙun da suka rufe bai buƙatar a yi masa dogon bayani. Ga kuma ƙurar hunturu, alhali ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta kashe cip.

Amurka ta ware dala biliyan 52 da ɗoriya a 2022 don dawo da wannan sana'a gida. Indiya ta ware kimanin biliyan 10 a 2021. Saboda haka duk wanda ya zo ya ce zai gina muku irin ta Taiwan a wa'adin mulki ɗaya, ku tambaye shi ruwan da wutar tukuna.

Ba ina cewa mu naɗe hannu ba ne. Sana'ar hawa-hawa ce, kuma waɗanda suke sama yau ba ta sama suka shiga ba. Tsibirin Penang na Malesiya ya rasa matsayinsa na tashar jiragen ruwa marar haraji a 1969, rashin aiki ya yi katutu. Babban ministansu Lim Chong Eu ya buɗe yankin masana'antu a Bayan Lepas, ya tabbatar da wuta da hanya da filin jirgi. A 1972 Intel ya kafa masana'antarsa ta farko a wajen Amurka a nan, a filin da gonar shinkafa ce. Aikin ba na ƙera faifai ba ne. Yanka shi ne, da liƙa siraran wayoyi, da rufewa cikin baƙar roba, da gwaji, kuma mafi yawan ma'aikatan 'yan mata ne. Yau Malesiya tana riƙe da kimanin kashi 13 cikin ɗari na wannan aiki a duniya. Taiwan ma a 1976 tsohuwar fasaha ta saya daga kamfanin RCA, ta tura matasan injiniyoyi kusan ashirin Amurka su koyo, suka dawo suka fara da cip ɗin agogon hannu. A nahiyarmu, STMicroelectronics yana da irin wannan masana'anta ta haɗawa da gwaji a Bouskoura kusa da Kasablanka, kuma a Nyeri ta Kenya akwai ƙaramin kamfanin semikondakta a harabar Jami'ar Dedan Kimathi.

Hannun da irin wannan aiki yake buƙata muna da shi. Ku je kasuwar waya ta Farm Centre ku tsaya a bayan mai gyara. Ya ɗora fanel a ƙarƙashin madubi, ya shafa man liƙi, ya kunna bulowa yana zagaya ayisin caji, wato ɗan cip ɗin caji, da iska mai zafi, hantsaki a ɗaya hannun. Yana jiran lokacin da dalmar za ta saki. In ya yi gaggawa ya tsinke layin fanel, in ya makara ya ƙona na kusa. Ya ɗaga ayisin da bai kai ƙwayar wake ba, ya goge, ya jera sababbin ƙwallayen dalma, ya mayar. Da yawansu ba su ga ƙofar jami'a ba. A wajen maigida suka koya, da bidiyon intanet. Abin da ya rage musu shi ne lissafin da ke bayan aikin, da takardar shaidar da mai zuba jari zai yarda da ita, da mai fitar da hayaƙin dalmar da suke shaƙa wuni guda. A ɗaya gefen kuma ga ɗalibin injiniya a jami'a ya haddace lissafin, amma bai taɓa ɗaga ayisi ba. Jami'ar Bayero da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kano suna iya haɗa waɗannan biyun a aji ɗaya, kuma kuɗin yin haka bai kai na shatale-tale guda ba.

Akwai kuma zanen cip, wanda ba ya son tankar ruwa, kwamfuta yake so da kai mai lissafi. Tun 2020 Google da kamfanin SkyWater suka saki ƙa'idojin ƙirar nanomita 130 kyauta ga kowa. Tsohuwar fasaha ce, amma irinta ce ke cikin mitar wuta da inbata da na'urar sarrafa famfon sola, abubuwan da manomin Kadawa da mai shago a Kantin Kwari suke saya kullum. Ɗalibi a Kano zai iya zanawa a aika waje a ƙera.

Ta ɓangaren binciken nano, ƙasar nan ba a baya take ba wajen rubutu. Akwai rukunin masu bincike a LAUTECH ta Ogbomosho ƙarƙashin Farfesa Agbaje Lateef, akwai na Jami'ar Nsukka, akwai cibiyar Sheda a Abuja, kuma Farfesa Wole Soboyejo ya yi suna kan amfani da ƙwayoyin nano wajen gano cutar daji da magance ta. Hukumar NASENI, da aka kafa a 1992, tana haɗa farantan sola a Karshi. Amma bari in faɗa wa 'yan'uwana malaman jami'a wata magana mai ɗaci. Takardunmu sun yi yawa a kan abu ɗaya: a jiƙa ganyen zogale ko darbejiya, a zuba ruwan azurfa, launi ya juya, a ce an sami ƙwayoyin nano masu kashe ƙwayoyin cuta. Mai bi masa ya canza ganye ya maimaita. An sami ƙarin girma a wurin aiki, amma marinan Ƙofar Mata da majeman Challawa, waɗanda dagwalon ruwansu yake buƙatar irin wannan tacewa, ba su ga komai ba.

Dalilin ba lalaci ba ne. Abin da ba ka iya gani ba ka iya gyara shi, kuma ƙwayar nano ba ta ganuwa sai da na'ura irin madubin ilektiron. Mai bincike a Arewa sau da yawa sai ya ɗure samfurinsa a kwalba ya aika Afirka ta Kudu ko Indiya ko Malesiya, ya biya da dala, ya jira watanni. Kafin hoton ya dawo ƙwayoyin sun dunƙule, kuɗin sake gwaji kuma babu. Don haka roƙona ga TETFund da gwamnatin jiha da attajiran birnin nan ƙarami ne: ɗakin awo guda ɗaya a Kano, na haɗin gwiwa, wanda mai bincike daga Zariya da Katsina da Sakkwato da Maraɗi zai zo ya biya da naira ya ga samfurinsa a mako guda. A ba shi wutar sola da batir tasa ta kansa, a rufe shi daga ƙura. A cikin kasafin kuma, tun ranar farko, a sa kuɗin kwangilar gyara ta shekara goma da albashin ƙwararren ma'aikacin da zai kula da injin, albashin da zai hana shi tafiya Saudiyya bayan an horar da shi. Injuna masu tsada da yawa a makarantunmu suna lulluɓe da leda saboda an manta da waɗannan layuka biyu.

Mai Unguwa, ranka ya daɗe, na ga ladan ya miƙe. Tambayoyi sai bayan sallah.