Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Jawabi Kan Tsare Yara A Kan Ruwa

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani Malami, wanda ya tashi a gidan masunta kafin ya shiga karantarwa, ya gabatar wa matasa a wani zama da aka yi bayan sallar La'asar, a daidai lokacin da damina ta kankama, koguna suka cika suka batse.

Bayan ya yi godiya ga Allah Ta'ala, ya yi salati ga Manzo (SAWA), Malamin ya fara da cewa ya zaɓi ya yi wannan magana da matasa ne domin su ne ke raka ƙanne rafi, su ne ke koyarwa a Islamiyyu, kuma su ake ɗora wa jagorancin yara idan za a je Mauludi ko walima a ƙetaren ruwa. Saboda haka, in ji shi, duk yaron da aka damƙa wa saurayi amana ce a wuyansa har sai ya mayar da shi hannun uwarsa.

Daga nan sai ya tunatar da 'yan uwa abin da ya faru a ranar 30 ga Nuwambar 2021, inda wani jirgi da ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai a Jihar Kano ya kife a madatsar ruwa ta Watari. Akasarin waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne da za su tafi Mauludi. Aƙalla mutum 29 aka tabbatar da rasuwarsu a kwanakin farko, kuma lodin da ya wuce kima aka ɗora wa laifin. Ya ce a watan Mayun 2023 ma yara 15 sun rasu a yankin Shagari ta Jihar Sakkwato a kan hanyarsu ta zuwa yin itace. Haka nan a watan Oktoban 2024 wani jirgi ɗauke da kusan mutum 300 masu bikin Mauludi, galibinsu mata da yara, ya kife cikin dare a kusa da Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa a Jihar Neja. Ya ƙara da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

"Duk mun yi imani ajali ba ya wuce lokacinsa," in ji Malamin. "To amma wanda ya zuba yara hamsin a jirgin mutum ashirin, ya tsallake da su bayan Magariba, ba zai fake da ƙaddara a ranar da za a tambaye shi ba. A ɗaure raƙumi tukuna, sannan a yi tawakkali."

Da ya juya kan wasan da yara suka fi so, sai ya ce a yanzu duk garin da ke bakin kogi za ka tarar da yara sun samo robar cikin tayar mota, sun kai wa mai faci ya hura, su hau ruwa yana tafiya da su. Wasu kuma jarka suke runguma, ko gora irin na masunta. Ya ce abin da yaro bai sani ba shi ne, robar nan ba ta da matuƙi kuma ba ta da birki, inda ruwa ya ga dama nan yake kai ta. Tana da santsi, igiyar ruwa kaɗan ce ke juya ta, ga faci da kan ɓalle idan ta sha rana ko ta gogi ƙaya. Babban haɗarinta kuwa shi ne takan kai yaron da bai iya iyo ba tsakiyar kogi, wurin da ƙafarsa ba za ta taɓa kai shi ba. Idan ta kuɓuce masa a can, shi ke nan.

Ya gargaɗi 'yan uwa da kada a kuskura a ɗaure yaro da igiya a jikin roba ko jirgi da sunan tsare shi, domin idan abin ya kife ko igiyar ta sarƙe a wani reshe, ita ce za ta riƙe shi a ƙasan ruwa. Ya ce yaron da bai iya iyo ba bai da abin yi a kan roba a ruwa mai gudu. Wanda ya iya ma sai a wuri marar zurfi, da rana tsaka, da babba a cikin ruwan kusa da shi, da wani babban a can ƙasa inda za a fita.

Malamin ya lissafa wurare huɗu da ya ce masunta na tsoro. Na farko, itacen da ya faɗa cikin kogi, domin ruwa yana ratsa rassansa ya wuce kamar rariya, mutum kuwa ya maƙale ruwa ya danne shi. Na biyu, ƙarƙashin gada da bakin kwalbati. Na uku, gindin ƙaramar madatsa inda ruwa ke zubowa, saboda a nan ruwan yakan nannaɗe yana komawa baya, ya yi ta juya mutum ko da gwanin iyo ne. Na huɗu, ramukan da masu ɗibar yashi suka bari, inda yaro ke tafiya ruwa iya gwiwa sai kawai ƙasa ta ɓace masa. Ya ce mutanenmu kan ce 'yan ruwa ne suka ja yaro, alhali in an bincika ɗaya daga cikin waɗannan ne. Ya kuma ja hankalin mazauna ƙasan manyan madatsu irin su Tiga da Goronyo da Kainji da Shiroro cewa idan aka saki ruwa, kogi kan ƙaru ba tare da an ga ko ɗigon hadari ba. Don haka mashigin da aka sani jiya, a sake tambayar Sarkin Ruwa halinsa yau.

Game da kwale-kwale, ya ce ƙa'idar farko ita ce ƙidaya. A rubuta sunayen yara kafin a shiga, a kira su bayan an sauka. Idan sun yi yawa a kasa su sahu biyu ko uku, a sa manya a kowane sahu. Gara a makara a wajen taro da a taru a wajen jana'iza. A zaunar da ƙanana a tsakiyar jirgi a ƙasa, ba mai tsayuwa, ba mai leƙa ruwa, ba a rinjaya gefe guda. Idan aka ga ruwa ya kusa bakin jirgi tun ana gaɓa, to a sauke yara ko da matuƙi ya rantse. Ya ce hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sanya rigar kariya, kuma dalilin a fili yake: da dare matuƙi ba ya ganin kututture, mai ceto kuma ba ya ganin kan yaro.

A nan ne Malamin ya ɗaga wata rigar kariya ya nuna. Ya ce a Amurka, inda hawan roba da tuƙa ƙananan kwale-kwale wasa ne na hutu, dokar tarayya ta wajabta wa yaro ɗan ƙasa da shekara 13 sanya rigar muddin jirgin shaƙatawa na tafiya. Ya bayyana cewa da nauyin jiki ake auna ta, rigar babba ba ta yi wa yaro amfani. Hanyar gwadawa ita ce a ɗaure ta tam, a kama kafaɗunta a ɗaga sama. In ta zame ta haye haɓarsa da kunnuwansa, to a ruwa ma haka za ta fice ta bar shi. Ya kuma ce tufafi masu yalwa kan naɗe ƙafa da hannu a cikin ruwa, don haka a ɗora rigar kariya a kan hijabin yarinya yadda zai kame, kada a bar shi yana lilo.

Idan jirgi ya kife fa? Malamin ya ce a koya wa yara tun a gida cewa jirgin katako ba kasafai yake nutsewa nan take ba, don haka a kama jikinsa, kada a riƙe juna. Wanda ruwa ya tafi da shi ya kwanta rigingine, ƙafafu a gaba ta inda ruwa ya nufa, ya riƙa karkata zuwa gaɓa a hankali. Kada ya yi ƙoƙarin tsayuwa a ruwa mai ƙarfi, domin ƙafa kan maƙale a dutse ko saiwa ruwa ya kifar da shi.

Sai ya yi wata tambaya: wa ya taɓa jin ihun mai nutsewa? Da aka yi shiru, ya ce ai da wuya a ji. Wanda ruwa ke ci numfashi yake nema, ba shi da sararin kira. Za ka gan shi a tsaye cikin ruwa, kai a baya, baki yana nitso yana fitowa, kamar mai wasa, kuma yaro kan ɓace cikin ƙasa da minti ɗaya. Saboda haka mai tsaron yara ba ya hira, ba ya danna waya, ba ya wanki. Idan yara suka yi shiru a ruwa, a tashi a duba.

Ya ja kunnen samari a kan zuciya. Ya ce sau da yawa gawa biyu ake fitarwa, ta wanda ya nutse da ta wanda ya faɗa ceto, domin mai nutsewa duk abin da ya kama hawansa yake yi. Abin yi shi ne a yi kururuwa, a kwanta a gaɓa a miƙa masa gora ko filafili ko rawani, in ya yi nisa a jefa masa jarka marar komai da murfinta a rufe, an ɗaura mata igiya. Shiga ruwa na wanda ya koyi aikin ceto ne.

Idan an fito da yaro, ya ce a bar al'adar nan ta danna ciki ko rataye shi kai ƙasa, ɓata lokaci ne, kuma amai kan koma masa huhu. A kwantar da shi a duba numfashi. In ba ya yi, a ɗaga haɓarsa a hura masa iska baki da baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a ci gaba da haka ba tsayawa, domin ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin 'yan mintuna in ba iska. In yana numfashi a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, saboda ruwan da ya shiga huhu kan tayar da ciwo bayan sa'o'i. Ya buƙaci matasa su nemi ma'aikatan lafiya su koya masu wannan a aikace, jin bayani kawai ba ya wadatarwa.

Daga ƙarshe Malamin ya ba 'yan uwa aiki uku kafin zama na gaba. Kowace Islamiyya da ke bakin ruwa ta yi karo-karo ta sayi rigunan kariya na yara ko da goma ne. A ajiye doguwar gora da jarka mai igiya a kowane mashigi. A kuma roƙi masunta su ware lokaci da rani, sa'ad da ruwa ya janye, su koya wa yara iyo a wuri marar zurfi. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma da-na-sani ƙeya ce.

An rufe zaman da addu'a ga yaran da suka rasu a Bagwai da Shagari da Gbajibo da sauran wurare, tare da roƙon Allah Ya ba iyayensu haƙurin rashi.