Hanyar Sama Ta Bi Sawun Hanyar Ƙasa: Katsina Da Tarihin Jirgin Sama



Abin da wannan lacca za ta duba shi ne yadda jirgin sama ya shigo ƙasar Hausa, da dalilin da ya sa ya zaɓi wasu garuruwa ya tsallake wasu, da kuma matsayin birnin Katsina cikin wannan al'amari. Duk wanda ya shimfiɗa taswira ya bi zangunan jiragen farko da yatsa, zai ga ba sabuwar hanya Turawa suka ƙago ba. Tsohuwar hanyar fatake da alhazai ce suka ɗaga zuwa sama.

Zuwan jirgin farko

Ran 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A, suka sauka a filin sukuwa na Kano. Sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira ran 27 ga Oktoba, shugabansu kuwa wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham, wanda daga baya ya jagoranci jiragen yaƙin Ingila a hamadar Afirka ta Arewa. Kowane jirgi inji ɗaya gare shi, da fukafukai biyu, ɗaya bisa ɗaya, waɗanda aka yi da katako aka lulluɓe da ƙyalle. Mutum biyu kaɗai yake ɗauka. Da yake ba su iya dogon zango ba tare da shan mai ba, sai da aka riga aka tanadi mai da filin sauka a kowane masauki. Suka biyo ta Hartum, da Fashar ta ƙasar Darfur, da Abeshe ta ƙasar Wadai, da Fort Lamy, watau Njamena ta yanzu, da Maiduguri, kana Kano. Waɗannan su ne zangunan da maniyyata suka daɗe suna bi a ƙafa ko bisa jaki in sun nufi gabas.

Cikin 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Hartum da Kano, kafin shekarar ta ƙare kuma aka miƙa hanyar har Ikko.

Me ya sa Kano, ba Katsina ba?

A ƙarni na 17 da na 18 Katsina ce babbar tashar ayarin da ke ƙetaro Sahara zuwa ƙasar Hausa, ga ciniki ga ilmi. Bayan jihadi ciniki ya fi karkata Kano. Amma abin da ya yanke hukunci shi ne dogo, wanda ya isa Kano cikin 1911, bai ƙarasa Katsina ba. Jirgin sama kuwa, ko da yake ba ya taka ƙasa in yana tafiya, ya dogara da ita ƙwarai. Yana bukatar mai a gwangwani da ganga, da kayan gyara, da wayar tangarahu mai ba da labarin yanayi, da makanikai. Duk waɗannan jirgin ƙasa ke kawo su daga bakin teku. Saboda haka inda dogo ya tsaya, nan jirgin sama ya sauka. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Zamanin yaƙin Hitila

Da Faransa ta faɗi cikin 1940, Italiya kuma ta shiga yaƙi, sai tekun Bahar Rum ta zama mai hatsari ga jiragen ruwan Ingila masu kai kayan yaƙi Masar. Sai aka koma ga hanyar Coningham. Ana kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su, matuƙa su taso da su ta Ikko, da Kano, da Maiduguri, da Fort Lamy, da Fashar, da Hartum, har Alƙahira, tafiyar kusan mil 4,000 cikin kimanin kwana 6. Ayarin farko ya tashi cikin Satumba 1940, jirgi ɗaya samfurin Blenheim yana ja-gora, ƙananan jirage samfurin Hurricane suna biye. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya.

Abin da ya sa hanyar ta yiwu shi ne gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi bayan Janar de Gaulle cikin Agusta 1940. Nijar kuwa ta zauna hannun gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus har Nuwamba 1942. Ke nan shekara biyu cur iyakar da ke bayan Jibiya, wadda ta raba Katsina da 'yan'uwanta na Maraɗi, ta zama iyakar ɓangarori biyu masu gaba, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Har wa yau mutanen Nijeriya sun tara kuɗi an sayi jiragen yaƙi samfurin Spitfire, shi ya sa aka laƙaba wa runduna ta 91 ta sojan saman Ingila sunan Nijeriya.

Daga yaƙi zuwa aikin hajji

Bayan yaƙi aka kafa kamfanin jiragen saman Afirka ta Yamma cikin 1946, wanda Nigeria Airways ya gada cikin 1958. Cikin 1964 aka kafa rundunar sojan saman Nijeriya da taimakon Jamus ta Yamma, a wannan shekara kuma aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi da gyaransa a Zariya.

Amma ga talakan Katsina babban amfanin jirgi shi ne hajji. Da can mutum yakan yi shekaru bisa hanya, yana tsayawa yana noma ko ƙwadago don neman guzuri, da yawa ma sun zauna a Sudan, zuriyarsu na can har gobe. Shi kansa Sarki Dikko da ya tafi hajji cikin 1921, jirgin ruwa ya shiga, ya zaga ta Ingila. Jirgin sama ya mai da tafiyar shekaru ta 'yan sa'o'i.

Sauƙin bai zo ba tare da hasara ba. Ran 22 ga Janairu 1973 jirgi samfurin Boeing 707 ɗauke da alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ran 11 ga Yuli 1991 wani jirgin, samfurin DC-8, da ya taso daga Jidda zai zo Sakkwato, ya kama wuta ya faɗi, duk mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya. Wutar ta samo asali ne daga tayoyin da ba su da isasshiyar iska. Wannan ya isa ishara ga kowane ma'aikaci, cewa ran ɗaruruwan mutane yana iya rataya ga ɗan ƙaramin aikin da wani ya raina.

Katsina a yau

An ƙirƙiro Jihar Katsina ran 23 ga Satumba 1987. Yanzu birnin yana da filin jirginsa mai ɗauke da sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa, gwamnan jihar daga 1999 zuwa 2007, kuma shugaban ƙasa har rasuwarsa cikin 2010. Maniyyata suna tashi daga gida, ba sai sun kwana a Kano ba. Kamfanin Max Air, wanda ya yi suna wajen jigilar alhazai, attajirin Katsina Alhaji Ɗahiru Barau Mangal ne ya kafa shi. Cikin 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina, shekara 110 bayan dogo ya tsaya a Kano.

Kammalawa

Darasin tarihin nan a fili yake: kwalta da hasumiya ba su raya filin jirgi. Ciniki ke raya shi, da hanyoyin da ke kawo kaya da mutane, da ƙwararrun da ke kula da shi. Nigeria Airways ya durƙushe cikin 2003 ba don sararin sama ya ƙi shi ba, sai don bashi da rashin kyakkyawan riƙo. Filin da ba ya cika sai lokacin hajji bai gama amfanar jama'arsa ba.

Akwai kuma aikin da ke jiran ɗalibai. Tsofaffin matuƙa, da makanikai, da sojan sama masu ritaya, da alhazan da suka ga ƙarshen hanyar ƙasa da farkon ta sama, kullum raguwa suke yi. Ya kamata a same su a ɗauki maganarsu, a gwada ta da takardun da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna. Ma'aikata kuwa su tuna fayil ɗin da aka bar wa gara a yau, shi ne shaidar da masu bincike za su nema gobe su rasa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu bisa wannan hanya, ya kiyaye masu binta.