Kamarar shagonka, wa take yi wa aiki?

Yau kan na'urorin da muke jonawa da intanet zan yi magana: kamarar tsaro a shago, akwatin wifi na gida ko na fada. Kana Yamai kana kallon shagonka na Maradi a salula, abin gwanin daɗi. To amma yawancinsu hoton ba kai tsaye yake zuwa ba, sai ya bi ta manyan kwamfutocin kamfanin da ya ƙera ta, a wata ƙasa. Shi ne ake cewa kulawud.

A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta dinga bin kamarori da akwatunan wifi tana gwada lambobin sirri kusan 60, irin waɗanda ake fitowa da su daga masana'anta, su "admin" da "12345". Wadda ta buɗe, ta shiga rundunarta, mai ita bai sani ba. Ranar 21 ga Oktoba aka saki rundunar kan kamfanin Dyn na Amurka, su Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga jama'a da yawa. Kar ku ce abin na Turawa ne. Da irinta aka durƙusar da Lonestar, kamfanin salula na Laberiya, har kotu a Landan ta ɗaure Daniel Kaye wata 32 a 2019.

Saboda haka ranar da aka kafa muku na'ura, ranar za ku canza lambar. Kuma asusun ya kasance da sunanku da lambar wayarku, ba na mai kafawa ba. Nan ake yawan sakaci, wallahi. Yaro ya kafa, ya tafi Agadas neman kuɗi, mabuɗin shagonka yana aljihunsa.

Sai sabuntawa. Saƙon da ke cewa a sabunta, galibi ɓaraka aka gano ake son toshewa, kar a yi ta ɗage shi. Kafin ku saya, ku tambaya ko kamfanin yana aiko da sabuntawa har yanzu. In ya daina, arahar ba ta da amfani.

Masu kula da na'urori da yawa, a makaranta ko ƙungiya, ku rubuta su duka a takarda, ku fara sabunta guda ɗaya, ta kwana lafiya, sannan sauran. Kuma a jona ta da batir tukuna, don in aka ɗauke wuta tana tsakiyar sabuntawa, tana iya ƙin tashi gaba ɗaya.